Gadon da Aka Kafa wa Malam Gambo a Cikin Bas

Akwai wani malamin gona a garin Jega mai suna Haidar, a shekarun farko da aka yanko jihar Kebbi daga Sakkwato. Ɗan Aliero ne. Da aka tashi rarraba ma'aikata sai aka dawo da shi gida, aka ƙara masa girma, aka ba shi tebur nasa shi kaɗai. A unguwarsu ba a taɓa samun wanda ya kai nan ba. In ya je Aliero ranar Juma'a, tun daga bakin hanya ake gaishe shi.

Mahaifinsa, Malam Gambo, manomin albasa ne tun tasowarsa. Da albasar nan ya yi wa Haidar karatu. Da ita kuma ya sayi wata tsohuwar farar bas, yana loda buhuna zuwa kasuwar Jega. Duk wanda ya shiga motar nan sai ya fito da warin albasa a rigarsa.

Wata rana da hantsi, yana tsaye a bakin rijiyar gonarsa, Malam Gambo ya yanke jiki ya faɗi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar, miyau kuma na zubo masa bai sani ba. Zama ya gagare shi, sai kwanciya.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Don haka yayar Haidar, Iklima, wadda ke aure a nan cikin Aliero, ita ta ɗauki jinyar. Ita ke wanke shi, ita ke ba shi kunu a baki, ita ke juya shi in gefe ɗaya ya gaji.

Tsohon bai cika roƙon komai ba. Abu ɗaya yake nanatawa.

"A kai ni in ga Yaya," yakan ce a hankali. "Ko hannunta in riƙa."

Yayar tasa ita ce Gudiya, tana zaune a Giwa Tazo, can ƙasar Maiyama. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun tafi, ba ta iya tafiya. Shi ba ya iya zuwa, ita ba ta iya zuwa.

An taɓa gwada sa shi a ƙaramar mota. Ko garin ba a fita ba ya fara nishi yana zamewa daga kujera, dole aka juyo da shi.

Ana nan, wata rana Haidar ya tsaya shan mai a Jega, ya tarar da wasu Turawa biyu, mata da miji, masu wucewa zuwa Nijar. Motarsu bas ce, amma da ya leƙa sai ya ga gado a ciki, ga risho, ga tukwane a rataye, ga labule. Gida sukutum a kan taya. Da ya je Aliero ya ba Iklima labarin yana dariya.

Iklima ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin hannunta ta ce, "Haidar, ga motar Baba can ƙarƙashin dogon yaro tana tsatsa. In bai iya zama, ai yana iya kwanciya."

Washegari Haidar ya sa aka jawo motar zuwa Jega.

Wanda ya kai wa aikin wani kafinta ne mai suna Maccido, mai yin bodin manyan motoci. Da ya ji don wa za a yi, sai ya ture aikin da ke gabansa.

"Don Malam Gambo? Lokacin da niz zaka daga ƙauye ban san kowa ba, zaurenshi nik kwana shekara biyu. Kai dai sawo katako da ƙusa. Ladan hannu ba ni karɓa."

Maccido bai yi aikin nan da ka ba. Da kansa ya hau mota ya je Aliero, ya durƙusa ya gaida tsohon, ya auna tsawonsa da faɗin kafaɗarsa yana kwance. Ya dawo ya cire duk kujerun baya, ya sa aka wanke cikin motar sau uku har warin albasa ya fita. Mai walda ya toshe ramukan ƙasa, shi kuma ya shimfiɗa katako.

Ya kafa gado a gefen hagu, ya yi shi gajere don ɗora mara lafiya ya yi sauƙi. Ya sa masa makari a gefe don kada tsohon ya mirgino in an faɗa rami. Ya yi ƙaramar kwaba ta magani da kwanoni, ya yi wa risho da jarkar ruwa mazauni, ya sa raga a tagogi saboda sauro. Ya haɗa 'yar fanka da batir daidai saitin kai. Ya ɗinka tampol da za a riƙa warewa a gefen mota ya zama rumfa. Daga ƙarshe ya sassaƙa wani faffaɗan katako da za a jingina a ƙofar baya, a riƙa hawo da tsohon a kansa ba tare da an jijjiga shi ba.

Sati biyar ana aikin. Ranar da aka gama, aka yi mata sabon fenti, mutane suka taru a garejin suna kallo.

"Ka gaishe min da Malam," in ji Maccido yana miƙa masa makulli. "Ka ce shi gaida Yaya."

Da Haidar ya miƙe Aliero a ranar, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma sai ya ce bari ya biya ta ofis tukuna, abokan aiki su sa albarka.

Shugabansu a wurin aikin wani dattijo ne, Alhaji Lauwali, mutum mai son kamun kifi da zaman daji. Ya fito ya zagaya motar sau biyu, ya shiga, ya zauna a bakin gadon, ya kunna fanka.

"Kai, Haidar! Wagga dabara ta wa ta?"

Amsar gaskiya tana bakinsa. Amma ga ma'aikata sun kewaye shi, kowa na kallonsa da sha'awa. Sai ya ji kansa yana cewa, "Tawa ta, ranka shi daɗe. Don fita shan iska niy yi ta, irin na Turawa."

"To ai sai mu gwada ta Asabar wagga."

Haidar ya ce wa ransa, sati ɗaya ne kawai. Baba ya yi haƙurin wata bakwai, ba zai kasa na kwana bakwai ba.

Suka je bakin gulbi wajen Kimba. Aka ware rumfa, aka gasa kifi, aka dafa shayi a risho. Alhaji Lauwali ya kwana a gadon, da safe ya ce bai taɓa barci mai daɗi haka ba. Ranar Litinin ya kira Haidar "ɗana" a gaban kowa.

Daga nan abin ya zama na kowane ƙarshen mako. Sati ɗaya ya koma uku, uku suka koma wata biyu.

Wata rana Alhaji ya buge gwiwa da makarin gadon, Haidar ya sa guduma ya ɓalle shi. Faffaɗan katakon nan kuwa ya ga yana cin wurin kayan kamun kifi, ya sauke shi ya jingina a bayan gidansa.

Akwai kuma wani abu da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da ya yi niyyar ɗauko mahaifinsa, sai ya tuna miyan nan da ke zuba, da warin man zafi, da fitsarin da kan kufce wa tsohon. Sai ya tuna Alhaji zai kwanta a katifar. In tunanin ya zo masa yakan ji kunyar kansa, amma kunyar ba ta taɓa kai shi Aliero da motar ba. A babur yake zuwa.

"Ina motar?" Iklima ta tambaye shi wata Juma'a, a gaban mahaifinsu.

"Da sauran gyara, Yaya. Birki bai zauna ba."

"Mutanen da sunka je kasuwa sun ce sun gan ta bakin gulbi."

"Gwaji muka yi."

Malam Gambo ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Bar shi, Iklima. Aiki garai. Shi ka sanin lokacin da ya dace."

Haidar ya sunkuyar da kai. Da tsohon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Haka kuma wata rana suka haɗu da Maccido a ƙofar masallaci. Kafintan ya riƙe hannunsa da fara'a.

"Ya Malam ya ji gadon? Bai matse mai kahwaɗa ba?"

"Ya ji daɗinshi ƙwarai," in ji Haidar, yana neman takalminsa da ido.

"Alhamdu lillahi! Ka ga ni ko yanzu Allah ya ɗau raina, na biya kaɗan daga cikin alherinshi."

Tun daga ranar Haidar ya canja masallaci.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, ana ta cirar albasa. Wata ranar Alhamis saƙo ya zo daga Giwa Tazo cewa jikin Gudiya ya motsa, ta daina cin abinci. Iklima ta zo Jega da kanta, ta same shi a ofis.

"Haidar, ban zaka yin hwaɗa ba. Gwaggo ba ta da lahiya. Don girman Allah ka kawo motar."

"Asabar da sassahe ina ƙohwar gida. Na yi alkawari."

Da gaske yake a lokacin. Amma ranar Juma'a Alhaji Lauwali ya kira shi, ya ce wani babban baƙo zai zo daga Birnin Kebbi takanas don ya ga motar nan da ake labari, kuma ya riga ya ce masa za su kwana a wata fadama can gaba da Maiyama. Haidar ya amsa da to. Ya aika wa Iklima cewa aiki ya taso, sai Litinin.

Ranar Asabar suka kama hanya. Da suka zo kwanar da ake bi zuwa Giwa Tazo, Haidar ya kafa idonsa a kan kwalta, bai ko waiga ba.

Lahadi wajen azahar suna dawowa, rana ta take, kwalta har wani ƙyalli take. Daga nesa suka hango wata a-kori-kura a gefen hanya, maƙare da buhunan albasa, direba ya buɗe gaba yana fama da inji. A gefe kuma ga wani mutum kwance a tabarma a ƙasa, wata mata ta tsaya a kansa ta ware mayafinta da hannu biyu tana tare masa rana. Babu itace ko ɗaya a wurin.

Haidar ya gane mayafin. Shi ya saya mata da Sallah.

Abin da har ya tsufa bai daina jin nauyinsa ba shi ne, a wannan lokacin ƙafarsa ba birki ta nema ba. Totur ta nema.

"Tsaya, tsaya!" in ji Alhaji Lauwali. "Ba ka ganin mara lahiya?"

Ya tsaya. Suka fito su uku. Iklima ta dube shi, ta dubi motar, ta dubi sandunan kamun kifi da ke leƙowa ta taga. Duk da gajiya, ba ta sauke mayafin ba.

"Jiya da la'asar anka sake aikowa," ta ce, muryarta a dashe. "Sun ce sunanshi kawai taka kira. Mun aika gidanka, anka ce ka tahi daji. Shi na nir roƙi wanga bawan Allah da za shi Yawuri, munka shimhiɗa Baba bisa buhuna. Tun hantsi muna nan."

Alhaji Lauwali ya juyo. "Haidar, ka san su?"

Haidar ya kawar da kai. "Mahaihina na, ranka shi daɗe. Wagga kuma yayata ta."

"Mahaihinka? Bisa buhun albasa, kai kana da wagga mota?"

"Motarshi ta, Alhaji," in ji Iklima. "Don shi anka kahwa gadon da ke ciki. Sai da anka auna shi."

Alhaji Lauwali ya daɗe yana kallon Haidar, irin kallon da ya fi mari ciwo. Sannan ya shiga motar, ya fito da jakarsa da ta baƙonsa ya ajiye a ƙasa, ya kakkaɓe zanen gadon da hannunsa. Ya dawo ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, ka yahe min. Wata uku ina kwana bisa gadonka ban sani ba."

Ya sa hannu ya tallabo kan Malam Gambo. Miyau ya zubo a hannun rigarsa. Alhaji ko a jikinsa, ya ciro hankicinsa ya share wa tsohon baki, kamar yadda ake yi wa uba. Haidar na tsaye yana kallo. Abin da ya yi wata uku yana gudu kada Alhaji ya gani ke nan.

Da yake katakon hawa yana can bayan gidan Haidar, sai da su huɗu, har da direban a-kori-kurar, suka cicciɓi tsohon, yana nishi, kafin suka kai shi gadon. Da yake an ɓalle makarin, dole Iklima ta zauna a ƙasa ta tokare shi da kafaɗarta.

"Ku tahi," in ji Alhaji. "Mu za mu sami mota."

Haidar ya juya kan motar. Tafiya yake, amma hanyar ba ta ganuwa sosai saboda hawaye. Ta madubi ya ga mahaifinsa yana shafa katakon gadon da hannunsa na hagu, yana kallon 'yar fankar da ke juyawa a kansa.

"Ta yi kyau," tsohon ya ce. "Kamar ɗaki."

Suna shiga Giwa Tazo suka ci karo da ayarin maza suna dawowa daga bayan gari. Biyu daga cikinsu na ɗauke da makara, babu kowa a kanta.

Iklima ta fara salati. Malam Gambo bai ga komai ba daga inda yake kwance, amma da ya ji salatin sai ya rufe ido.

Gudiya ta cika da hantsi, an rufe ta bayan azahar. 'Yarta, Yalwa, ita ta tare su a ƙofar gida tana kuka.

"Kawu, ta jira ka. Tun jiya ko babur ta ji sai ta ce, Gambo na? A dubo min, ko Gambo na."

Aka shigar da tsohon ɗakin yayarsa, aka kwantar da shi a tabarmarta. Bai yi kuka da murya ba. Hawaye kawai ke gangarowa ta gefen bakinsa da ya karkace.

Haidar ya fito waje don ya sami inda zai ɓuya. Sai ya tarar masu zaman makoki sun kewaye motar suna leƙe. Wani dattijo ya kamo hannunsa.

"Kai na Haidar? Allah shi yi maka albarka! Marigayiya ta ba gari duka labarinka. Ta ce ɗan ƙanenta ya gina wa ubanshi ɗaki cikin mota. Ga shi kuwa mun gani da idonmu. Allah shi ba mu ɗiya irinka."

"Amin, amin," mutane suka amsa.

Kowane amin sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Zai iya yin shiru, babu wanda zai sani a cikinsu. Amma ya ga in ya haɗiye wannan albarkar ma, ba shi da sauran fuskar da zai kalli kansa.

"Baba, ku dakata," ya ce. "Kada ku sa min albarkar da ba tawa ba. Dabarar ta yayata ta, aikin na wani kahinta na. Motar ga ta yi wata uku da gamawa. Ni nir riƙe ta ina yawon shan iska da manya. Jiya ma ta bakin hanyarku niw wuce ban tsaya ba. Ni nih hana su ganawa."

Dattijon ya saki hannunsa a hankali. Bai zage shi ba, ya dai ce, "Allah shi kyauta," ya koma kan tabarma. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka janye daga jikin motar.

Haidar ya shiga ɗakin, ya durƙusa a gefen mahaifinsa, ya kifa goshinsa a ƙasa.

"Baba, ka yahe min."

Tsohon ya laluba ya ɗora hannunsa a kan ɗansa.

"Na yahe maka tun bisa hanya," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Abin da ad damuwata, ni na aika mata cewa ina tahe. Sau uku ina aikawa. Yaya ba ta taɓa jin ƙarya bakina ba, sai da za ta mutu."

Malam Gambo ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya. A cikinsu Haidar ya kai shi gonarsa, ya kai shi wurin tsofaffin abokansa a Kashin Zama, ya kai shi duk inda ya ambata, ko da ranar aiki ce. Ya yi masa wanka, ya wanke masa zanen gado da hannunsa. Mutane da yawa sun shaide shi da kyautata wa uba, kuma ba su yi ƙarya ba.

Amma wuri ɗaya tsohon ya taɓa roƙo a kai shi da bakinsa, kuma nan ne aka kai shi a makare.

Darasi: Kada ka sayi yabon manya da haƙƙin iyayenka, kuma kada ka ji kunyar raunin wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kanka. Iyaye suna yafewa, amma lokacin da ka ɓata musu ba ya dawowa. In akwai abin da mahaifinka ko mahaifiyarka suka roƙe ka kana ta cewa sai wani sati, tashi ka yi shi yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wani tsoho da ke kwance yana jiran ɗansa ya karanta shi.